Innar Kicin, Mai Ƙona Bilenda

Kafin ta ajiye jakarta, kafin ma ta gama amsa gaisuwar mai gadi, Innar Kicin sai ta fara sunsuna injinan markaɗenta. Haka take yi kowace safiya a gidan jinyar nan da ake kula da tsofaffi da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Za ta ɗaga bilenda ɗaya, ta kai hanci gindinta, ta ja numfashi. Idan ta ji warin ƙonanniyar waya sai ta ce, "Ke yau hutu," ta tura ta gefe. Idan ba ta ji komai ba sai ta ce, "Ke kuma kin shiga uku," ta jona ta a soket.

Daga nan sai fere-fere da wanke-wanke da dahuwa, irin na kowane kicin. Bambancin kawai, yawancin waɗanda take dafa wa ba sa iya tauna, wasu ma haɗiya ce ke neman ransu. Abincinsu dole ya yi sumul ba gudaji ko ɗaya, dole kuma ya yi kauri, domin abu mai ruwa-ruwa shi ke bi musu ta hanyar numfashi ya ƙware su. Duk wanda ya taɓa riƙe bilenda kuwa ya san ba abin da take so irin ruwa. Ka hana ta, ta fara gurnani. Ka ci gaba, ta ɗauki zafi. Ka yi mata taurin kai, ta ba ka hayaƙi. Inna ta yi shekaru masu yawa tana hana su ruwa, su kuma suna ba ta hayaƙi.

Da za ta haɗa komai ta markaɗa gaba ɗaya, da an samu sauƙi. Ina! Shinkafa daban, karas daban, kifi daban, ganye daban, kowanne ta zuba shi a gefensa na kwano don mai ci ya ga fari da ja da kore. Sista, babbar ma'aikaciyar jinya ta gidan, ta taɓa ce mata, "Inna, ai duk ciki ɗaya za su tafi." Inna ta ce, "To ke ma naki ciki ɗaya yake tafiya. Gobe in kwaɓa miki shi kalar laka?" Sista ba ta sake tayar da zancen ba.

A ƙarshen watan nan Inna za ta ajiye aiki. Mu da muka san ta mun zauna za mu jinjina mata, sai kanmu ya ɗaure. Ana yabon ma'aikaci da tattalin kayan aiki, ita kuwa ba wanda ya san adadin bilendar da ta mutu a hannunta. Ana yabon ma'aikaci da kiyaye lokaci, ita kuwa ba a taɓa cin abincin rana a kan kari ba a zamaninta. Ana yabon mai jinya da natsuwa, ita kuwa kicin ɗinta ne wurin da ya fi ko'ina ƙara a unguwar. Ita kanta da aka gaya mata, sai ta yi tsuru-tsuru.

"Jinjinar me?" ta ce. "Ni da manaja ke shigewa banɗaki idan ya hango ni da leda a hannu?"

Ledar nan kowa ya san ta. A ciki take ɗaukar gawar bilenda zuwa shagon mai gyara da ke ƙarshen layi, wani mutum mai furfura da gilashi ɗaure da zare, wanda take kira Injiniya idan tana neman alfarma. Sa'anta ne, amma shi ma Inna yake ce mata kamar kowa. Da ya hango ta sai ya dafe kai.

"Inna, wannan fa ta gida ce. An yi ta ne don mace ta markaɗa tumatir ta kashe."

"Ai ni ma tumatir na markaɗa."

"Shi kaɗai?"

"Da ɗan wake."

"Sai me?"

"Da kifi. Da ɗan naman da ya ƙi dahuwa. Kai Injiniya, tambaya za ka yi ko gyara?"

Ya sha buɗe gindin bilenda ya tarar da shi a jiƙe, ya rasa ta yadda ruwa ya shiga. Sai daga baya ya gano cewa idan inji ya yi zafi, Inna cusa shi take yi a firij tsakanin kabeji da madara. Da ya yi mata faɗa cewa raɓa za ta kashe shi, ba ta daina ba, sai ta ƙaro dabara: ta fito da shi daga firij, ta busar da shi da na'urar busar da gashin Sista, wadda ita ma ba ta yi tsawon rai ba. Fankar ofishin manaja kuwa ta fi sanin kicin a kan ofis. Kullum da rana za ka ga bilenda naɗe da jiƙaƙƙen tawul, fanka na hura ta, Inna na tsaye a kanta da muciyar roba tana lallashi: "Haba 'yar albarka, saura kaɗan. Saura na mutum biyu."

Ke ce, Inna, wadda wata tsohuwa ta yi wa kuka cewa rabonta da ɗanɗanon nama tun kafin ta kwanta, kika tsaya kan naman nan mai jijiya har bilenda biyu suka suma, kika tace shi da rariya, kika kai mata da kanki. Ke ce wadda ba ta taɓa cewa marar lafiya ya yi haƙuri da abin da ya samu ba. Mun ga wannan da idonmu, kuma har yau muna jin daɗin tuna shi. Mai ƙona inji don ciki ya ƙoshi, sannu da fama.

Saboda injinan nata ba sa iya dogon aiki, abincin rana bai taɓa fita lokaci guda ba. Ana ba mutanen ɗakin farko, tana markaɗa na tsakiya. Ana ba na ɗakin ƙarshe, tana kan na waɗanda suka nemi ƙari. Gidan yakan yi ta rawa da gurnani tun daga hantsi har rana ta karya. Ɗakin ƙarshen nan kuwa bango ɗaya ne tsakaninsa da kicin, kuma gadon wani dattijo da kowa ke kira Baba yana manne da bangon. Baba ya daɗe bai ce uffan ba, idonsa yawanci a rufe, hannu ɗaya ne kawai ke motsi. Amma wajen ci ba ya wasa. Inna takan yi alfahari da shi, ta ce duk gidan shi ne ya san girki.

Ana nan sai ɗan wata tsohuwa da ta yi jinya a gidan ya kawo kyautar sabuwar bilenda. Baƙa ce, mai nauyi, sai da mutum biyu suka ɗora ta kan kantar kicin. Tana da maɓallai masu haske, da wani akwatin roba mai kauri da ake kifa mata don kada ƙararta ta fita. Wanda ya kawo ta ya ce ba abin da ba ta niƙawa, ai kuwa ya ja mata. Mai gadi ya zuba mata ƙanƙara, ta mai da ita gari. Mai wanki ta jefa kwakwa da ɓawonta, ta fito kamar madara. Sista ta kawo ƙashin kaza. Wani ya yi kuskure cokalin roba ya faɗa ciki, aka neme shi aka rasa. Kowa na tafi yana salati, ita kuwa bilendar ko ɗumi ba ta yi ba.

Inna na gefe da jiƙaƙƙen tawul a hannu, ta rasa inda za ta sa shi. Ta sunsuna gindin sabuwar, ba ta ji komai ba. Ta taɓa maɓalli ɗaya, wasu fitilu suka kama, ta ja da baya. Da aka koya mata, ta zuba shinkafa ba ruwa, ta gyara tsayuwa za a fara kokawa, kafin ta ɗauko muciya an gama. Ta leƙa, ta dangwala, ta lasa. Sumul, da kauri, ba abin da za ta kushe. Ta ji daɗi don mutanenta, amma can ƙasan ranta ta ji kamar an yi mata kora da hali.

Daga ranar abinci ya riƙa fita kafin lokacinsa. Gidan ya yi tsit, har ana jin tsuntsaye a tsakar gida. Fanka ta koma ofis, manaja ya daina ɓuya. Aka tattara tsofaffin injina aka ba mai gyara ya ciri abin da zai cira. Guda ɗaya kawai Inna ta ɓoye a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, wata tsohuwar bilenda mai tsagaggen murfi da take kira Mai Tari, saboda sai ta yi tari kafin ta tashi.

Sai Baba ya daina ci.

Za a kai masa cokali ya datse baki, ya juya fuska bango. Sista ta duba bakinsa ko akwai gyambo, babu. Ta auna zafin jikinsa, lafiya lau. Likitan da ke zagayo gidan ya duba shi sama da ƙasa, ya canza magani, shiru. Baba ya fara zubewa, wuyansa ya yi rami. Likita ya kira 'yarsa, wadda ke zuwa kullum da rana daga wurin aikinta, ya yi mata magana a hankali. Ya ce idan ya dawo zagaye na gaba Baba bai koma ci ba, ba makawa sai an zura masa roba ta hanci.

A kicin 'yar ta zo ta yi kukanta, don kada mahaifinta ya ji.

"Inna, an taɓa sa masa a asibiti. Fizge ta ya yi, jini har matashi. Sai da aka ɗaure masa hannun nan ɗaya da ya rage a ƙarfen gado. Yana kallona, ni ina kallonsa. Na yi masa alkawari ba za a sake ɗaure shi ba."

Inna ta ba ta ruwa, ta ce in Allah Ya yarda zai ci. Amma da ta fita, Inna ta zauna kan buhun shinkafa kanta ya kulle. Shinkafar ita ce, kifin shi ne, hannun ma nata ne. Ta ƙara gishiri, ya ƙi. Ta rage, ya ƙi. Ta ce ko sabuwar bilendar na ɗumama abinci fiye da kima, ta bar shi ya huce, ya ƙi. Ta canza kwano, ta canza cokali, ta je da kanta ta zauna a gabansa tana "Baba, ni ce fa, ni ce mai girkin naka," ko gezau. Mai wanki ta rantse ta shigo wata rana ta tarar da Inna ta harɗe hannu a gaban baƙar bilendar tana tambayarta, "Ke wai me kike zuba masa?"

Ranar da mai gadi ya saci hanya ya niƙa busasshen barkono a sabuwar bilendar, kofinta ya ɗau yaji, aka wanke aka wanke bai fita ba. Dole Inna ta jawo Mai Tari. Aka koma 'yar gidan jiya: gurnani, tawul, makara. Sai ga Sista da gudu da kwanon Baba, ya ci rabi! Kowa ya ce to an gano, niƙan tsohuwar yake so. Inna ta yi ta washe baki, har ta shafa kan Mai Tari.

Washegari, da yake mutanen gidan sun riga sun saba da shiru, sai ta ɗauki Mai Tari da wuri ta kai ɗakin wanki can ƙarshen gida, ta markaɗa na Baba shi kaɗai, ta jera masa fari da ja da kore, ta kai. Ya datse baki.

"To wai mene ne?" Inna ta ce da Sista a bakin ƙofa. "Jiya ita, yau ita. Ko ni ce na fara ruɗewar tsufa?"

Sista ta ɗaga kafaɗa. Ga shi kuma Mai Tari ta fara tartsatsi. Mai gyara ya buɗe ta, ya daɗe yana kallo, ya ɗaɗɗaure abin da zai ɗauru, ya dawo da ita da kansa.

"Inna, wayar cikinta ta gama cinyewa, irin kayanta kuma an daina kawowa. Ki yi kaɗan ki kashe. Kika ja ta da nisa sau ɗaya, sai dai ki yi mata addu'a."

Yana nan tsaye ta zuba ruwa zalla a kofin ta kunna, don kawai ta ji ko gyaran ya yi. Mai Tari ta yi tarinta, ta kama gurnani, kantar kicin na rawa, bango na rawa. Inna ta ɗan saurara ta kashe. Sai ga 'yar Baba ta faɗo kicin da cokali a hannu, mayafi na jan ƙasa.

"Inna, kunna! Don Allah sake kunnawa!"

"In kunna me? Ruwa ne fa a ciki."

"Ko iska ce kunna. Ya buɗe baki!"

Da ƙyar ta natsu ta yi bayani. Tana zaune da kwanon da sabuwar bilendar ta niƙa, Baba ya juya mata ƙeya, sai ƙara ta taso ta bango. Ta ga ya miƙa hannu ya dafa bangon, yana murza yatsu kamar mai duba laushin gari, ya buɗe baki. Ta ba shi cokali biyu ya haɗiye. Ƙarar na tsayawa ya rufe baki, ya fara yunƙurin tashi.

"Inna, Baba fa injin niƙa ya yi wa aiki tun yana saurayi. Ban taɓa ganin ya ci abincin rana a gida ba. Ni nake kai masa ina ƙarama. A gefen inji yake ci, hannu ɗaya a kwano, ɗaya a jikin ƙarfe. Idan inji ya yi shiru kuwa, to wani abu ya lalace, sai ya ture kwanon ya tashi. Ba ya komawa kan abinci sai inji ya tashi. Ya aka yi na manta?"

Mai gyara ya cire gilashinsa ya goge ya mayar. Inna kuwa maimakon murna sai ta yi sororo.

"Tsaya, 'yar nan. Kina nufin duk shekarun nan ba girkina yake ci ba?"

"Girkinki ne mana, Inna."

"A'a. Makarata yake ci. Da ƙarata." Ta juya ga mai gyara. "Ka ji fa. Ni ina nan ina ware karas daga kifi."

Abin ya sosa mata rai, ba ta ɓoye ba, har yamma tana ƙunƙuni. Amma ƙunƙunin bai hana ta neman mafita ba. Aka cire wa sabuwar bilendar akwatinta, sai ga kukanta siriri kamar na sauro, kuma kafin Baba ya haɗiye loma ɗaya ta kashe kanta, don haka aka ƙera ta. 'Yar ta ɗauki ƙarar Mai Tari a waya ta kunna masa a kunne, ya dafa bango ya ji ba ya motsi, ya kau da kai. Mai gyara ya koma shago ya zazzage kwalin tsofaffin injinan, ya tarar duk ya riga ya yi musu gunduwa-gunduwa. Likita kuma washegari zai zo.

Da rana ta take, likita ya shigo ɗakin ƙarshe da jakarsa, robar hancin na ciki, ya tsaya turus. Ga bilenda a kan durowa an manna ta da ƙarfen gado. Ga wani mai furfura riƙe da jiƙaƙƙen tawul. Ga fankar manaja, ga manajan kansa yana leƙe ta taga. Sista ta yi masa bayani a gurguje. Ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce, "To, mu gani." Ya ce kwano ɗaya yake so ya ga ya shiga, ba tare da an ƙware ba.

Inna ta yi bisimilla ta murɗa. Mai Tari ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Gado ya ɗauki rawa. Baba ya lalubo ƙarfen ya riƙe, ya buɗe baki.

Ciyar da mai irin ciwonsa ba ya son gaggawa. Sai an ba shi, a jira ya juya abincin a baki, a jira maƙogwaro ya motsa, a duba baki, sannan a ƙara. 'Yar na ba shi. Mai gyara na canza tawul yana magana ƙasa-ƙasa.

"Inna, ta yi zafi."

"Na sani."

"Inna, ba kya jin wari?"

"Hancina ya fi naka, Injiniya. Hura mata."

"Ki kashe ta ta ɗan huta."

"In na kashe ba za ta sake tashi ba. Kai ma ka sani."

Ya sake canza tawul. Gurnanin ya fara sauka yana hawa. Wani siririn hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin tawul. Inna ta dafa murfin da tafin hannu duk da zafin, tana cewa, "Haba 'yar albarka, saura kaɗan." Sai aka ji fat! Mai gyara ya fizge waya daga soket. Ɗakin ya yi tsit, sai fanka kawai ke juyawa, kuma abincin da ke kwanon bai wuce rabi da tafiya ba.

Baba ya rufe baki. Ya saki ƙarfen, ya fara kokawar ɗaga kafaɗa zai tashi ya duba inji. 'Yarsa ta riƙe cokali a sama, hawaye na zuba, tana cewa, "Baba, ɗaya kawai, Baba." Likita ya sunkuyar da kai ya dubi jakarsa.

An tambayi Inna daga baya me ta yi tunani a lokacin. Ta ce wallahi ba ta yi tunanin komai ba, ita ma ganin kanta kawai ta yi. Matar da ke da jikoki, wadda ko dariya ba ta cika yi da ƙarfi a gaban maza ba, ta matsa ta kama ƙarfen gadon da hannu biyu, ta sunkuya, ta runtse ido, ta fara jijjiga shi tana gurnani daga ƙirjinta. Har tarin farkon sai da ta yi.

Mai gyara ya saki baki. Sista ta toshe nata da hannu, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Manaja ya janye kansa daga taga, ya sake dawo da shi. Baba ya tsaya da yunƙurin. Ya haɗe gira yana saurare, kamar bai yarda da wannan injin ba. Sannan a hankali ya mai da hannunsa kan ƙarfen, ya koma ya jingina, ya buɗe baki.

Inna ba ta tsaya ba. Idan numfashi ya ƙare mata sai ta ja wani da sauri hannu na ci gaba da jijjiga. Ɗankwalinta ya zame, gumi ya jiƙa mata wuya, muryar ta fara dishewa. Cokali na zuwa yana dawowa. Aka cinye fari, aka cinye ja, aka cinye kore, 'yar ta kankare gindin kwano ta ba shi. Inna ba ta san an gama ba, don idonta a rufe yake, kuma ba wanda ya iya buɗe baki ya gaya mata. Sai da ta ji hannu a kan nata.

Baba ne. Idonsa a buɗe, yana kallonta sosai. Ya motsa baki sau da yawa kafin maganar ta fito, a karkace, amma kowa ya ji.

"Yarinya, kashe haka nan. Za ki ƙone."

Inna ta zube a kujera tana haki. Ta dubi Sista ta ce da dishashshiyar murya, "Ni ce yarinyar?" Sai kuma ta fashe da kuka. Likita ya zuge jakarsa, ya ce shi bai san sunan wannan maganin ba, amma a ci gaba da shi.

Ba a sa wa Baba roba ba, ba a ɗaure masa hannu ba. Mai gyara ya haɗa wani abu da injin tsohuwar fanka da gwangwani, ya ɗaure a ƙafar gadon, yana ƙara yana girgiza, Baba na cin abincinsa a kai. Kafin a gama haɗa shi kuwa, maƙogwaron Inna ne ya riƙe aikin kullum da rana, har muryarta ta canza, ba ta kuma dawo daidai ba. Har yau ba ta gane ko Baba ya san mutum ce a ranar ko ya ɗauka inji ne mai ɗankwali. Mu ma ba mu sani ba. Baba bai sake magana ba.

Ke ce, Inna, wadda kayan aiki suka ƙare mata a hannu, ba ta tsaya neman wanda za ta ɗora wa laifi ba, ba ta kuma tsaya tunanin girmanta ba. Mun gode miki a madadin waɗanda ba sa iya furta godiya, da 'ya'yansu da ke fita daga gidan nan da sauƙi a zuciya. Masu tasowa a wannan aiki, ba mu ce ku sa inji a firij ba, mai gyara ya roƙe mu mu faɗi wannan da babbar murya. Abin da muke roƙo, idan kuka ga kwano ya rage rabi kuma abin da kuka dogara da shi ya mutu, ku yi irin nata, ko da za a yi muku dariya.

Mun san ranar da za ki tafi za ki tsaya a ƙofar kicin kina waige, kina tunanin ko akwai wanda bai ƙoshi ba. Kowa ya ci, Inna. Baba ma ya cinye. Kashe haka nan.